Ranar da na kira ɗiyar fari da sunanta

Ɗiyata ta fari ta wuce shekara uku ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Tana ji, wannan ban yi shakka ba, don ko ludayi ya faɗi a bayan ɗaki sai ta waiwaya. Tana dariya, tana kuka, abin da take so ta nuna shi da yatsa, in ban gane ba ta ja zanena har wurin. Amma baki shiru. Yaran unguwa da aka haifa bayanta har sun iya zagi, ita ko ruwa ba ta taɓa roƙa da baki ba.

Lokacin muna haya a Dogon Dutsi, ɗaki biyu a bayan tashar mota. Maigidana fataucin wake yake yi, daga wannan kasuwa sai waccan, wani bi ya ƙetara iyaka ya daɗe bai dawo ba. Ni kuwa daga wani ƙauye aka kawo ni, gefen Kore Mairuwa, kuma da abin da aka koya mini can na zo. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama ta yi hira da shi. Ta ba shi nono, ta yi masa wanka, ta goya shi, shi ke nan. Surutu da waƙa da tsokana aikin kaka ne da gwaggo da sauran mutanen gida. A ƙauye wannan kunya ba ta cutar da kowa, don gida cike yake da bakuna, yaro yana tashi cikin hayaniya kamar ɗan tsako a masussuka. Amma a birni daga ni sai ita a ɗaki. Babu kaka, babu gwaggo. Na riƙe kunyata ni kaɗai, ba mai kallona ma. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, sunan da ba zai fita daga bakina ba ko da wuƙa a wuya. “Ke” nake ce mata, ko in tafa hannu.

Na kai ta gidan likita. Wata ma'aikaciya ta leƙa kunnuwanta da ƴar fitila, ta duba harshe, ta tafa a bayanta, yarinya ta zabura. Ta ce ba ta ga ciwo ba, wasu yara suna jinkiri, ba kullum ake sanin dalili ba. Ta ce in riƙa yi mata magana da yawa. Na ce to. A hanya, tana bayana a goye, na buɗe baki in gwada. Me ake ce wa ɗiyar fari? Ban taɓa jin uwata ta ce wa yayanmu komai ba sai “kai, tashi”. Na rufe bakina muka iso gida.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Madam. Malamar lakwal ce, makarantar boko, da ta aje aiki, siririya, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Matan gidan haya suna cewa ba ta da aiki sai rubuta ƙarya ga yara. Kowace la'asar ina jin muryarta ta ƙetaro katanga, yau ta zama kura, gobe ta zama jaki, yara suna shewa. Ban taɓa leƙawa ba.

Wata la'asar ina tankaɗe, na ɗaga kai ban ga yarinya ba. Na fita ko mayafi ban ɗauka ba, na duba bakin rijiya, na duba hanyar tasha inda babura ke gudu kamar an kore su. A ƙarƙashin itacen bedin gidan Madam na same ta, tsaye a bayan sauran yara, yatsa a baki, ta kafe ido a kan wata takarda da tsohuwar ta ɗaga. Hoton ɗan akuya ne.

Na kama hannunta zan ja, ta ƙanƙame ƙofa.

“Bar ta ta gani,” in ji Madam. “Ɗiyar wa ce wagga?”

Na sunkuyar da kai. “Ta gidanmu ce.”

“Ta gidanku.” Ta dube ni ta saman tabarau. “Ta fari ce ke nan. Mi sunanta?”

“Sunan sarakuwata gare ta.”

“Kayya! An ɗaure ki da igiya biyu. Zamna, ɗiyata, tabarma ba ta cizo.”

Na zauna a gefe, na ga yadda take aiki. Ba littafi ne a hannunta ba tukuna, takardu ne warwatse, kowace da hoto da layi ɗaya ko biyu na rubutu. Tana karantawa amma ba takardar take kallo ba, ƙafafun yara take kallo. A wani shafi wani yaro ya fara tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, wata ta juya tana kallon kaza. Nan take Madam ta ninke takardar ta cusa ƙarƙashin tabarma.

“Wanga ya mutu,” ta ce. “In ƙafa ta fara motsi, shafi ya mutu. Babba shi kan yi maka kara, shi ce ka yi ƙoƙari. Yaro ba ya kara.”

Da yara suka watse na gaya mata abin da ban gaya wa kowa a unguwar ba. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni ko na yi lakwal. Na ce aji uku na yi aka cire ni, haruffa na sani, amma Faransancin da aka koya mana ya zube. Ta ce haruffan sun isa. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan littafi da aka ɗinke da zare, ta nuna mini masu ƙugiya, irin na ƙasa da ɗaki da ɓera, ta ce sauran duk yadda baki ke faɗi haka suke a rubuce.

“Ni ban iya yi mata magana ba, Madam. Bakina ba ya buɗuwa.”

“Wa ya ce ki yi mata magana? Akuya za ki karanta ma. Ki ɗaga murya dai. In wata ta ji daga gefe, ba ruwanki.”

Labarin ɗan akuya ne da ya ɓace ranar kasuwa. A kowane shafi wani yana yi masa magana. Mai ƙosai ta ce, “Kai, ɗan banza!” Mai amalanke ya ce, “Kauce!” Mahauci ya lashe baki ya ce, “Taho nan, ɗan albarka.” Ɗan akuya bai amsa wa kowa ba. A shafin ƙarshe uwarsa ta hango shi daga bakin kasuwa, ta kira shi da sunan da ta raɗa masa. Ƙarƙashin hoton babu rubutu, fili ne fari. Na ɗauka mantuwa ta yi, na nuna mata.

“Ban manta ba. Wurin yaro ne. Nan suke cewa na'am. Littafin da bai bar ma yaro wurin sa baki ba, wa'azi ne.”

Ranar farko da na karanta a ɗaki, sai da na rufe ƙofa. Ina haɗa haruffa ina tuntuɓe, muryata kamar ta mai karanta sammaci. Yarinya tana bakin gado. Kafin in kai wurin mahauci ta matso. Kwanaki kaɗan bayan haka ta hau cinyata da kanta, ta zauna daram kamar dama can wurinta ne. Ni da na haife ta ban san kanta yana da ɗumi haka a ƙarƙashin haɓa ba.

Daga nan kullum muna gidan Madam. Ni na karɓi ɗinki, don idonta ba ya ganin kafar allura. Takan kai takardunta wurin mai fotokopi, ta dawo ta shafa launi da hannunta, ni in jera in ɗinke da zaren kaba ko na buhu. Muna aiki tana ba ni labarinta gutsure-gutsure, ba a jere ba.

Ita ƴar wani ƙauye ce wajen Dogon Kiriya. Da ƙarfi aka kai ta lakwal, uwarta tana bin jaki tana kuka. A can, duk yaron da aka kama yana Hausa sai a rataya masa wani ƙashin jaki a wuya, sambol suke ce masa, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Ta ce ita ta fi kowa rataya shi, har yara suna cewa sarƙar aurenta ce. Da ta zama malama aka tura ta ƙauyuka, ta tarar da yara suna haddace littafi mai jirgin ƙasa da wasu ƴaƴan itatuwa da ko ita ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Sai ta fara yanka takardar buhun siminti, ta zana rijiya da guga da jaki, ta rubuta Hausa a ƙasa, ta ɓoye cikin akwatin alli. Mai duba lakwal ya kama ta, ya yi mata faɗa a gaban ɗalibanta, aka mai da ita wani ƙauye da ya fi nisa.

“To sai kika bari?”

“Can ma ana gini,” ta ce. “Buhun siminti bai ƙare ba.”

Daga baya zamani ya juya, aka ce za a gwada koyar da yara da harshensu. Wani ofishi a Yamai ya karɓi labaranta zai buga. Da gwajin bugun ya zo, ta tarar an gyara mata Hausa, huranta ta koma fura, ɗiyanta sun koma ƴaƴa, yaran hoton kuma an sa musu takalma da safa a bakin rijiya. Ta shiga mota har Yamai, ta zauna a ƙofar ofishin da tabarmarta ta ce ba ta tashi sai an cire safa. Aka cire safa, aka mayar mata da hura. Littattafan suka fito, ta ce da ta ga sunanta a bango sai da ta zauna. Amma ba a daɗe ba aikin ya tsaya, masu ba da tallafi suka tafi, aka jibge sauran a wani ɗakin ajiya. Da ta samu aka buɗe mata, gara ta riga ta.

“Gara dai ta yi karatu,” in ji ta. “Ita kaɗai ta gama su duka.”

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ina kallon hannunta a kan kunnen akuya, tana shafa ja a hankali kada ya fita layi.

Tana da ɗa ɗaya, babban ma'aikaci a Yamai. Na ji shi sau da yawa a waya. “Madam, ina kwana? Madam, an sha magani?” Na ɗauka wasa ne. Wata rana ta aje wayar ta ce mini shi ne na farinta, kakarsa ta ɗauke shi tun yaye, bai dawo hannunta ba sai da ya isa shiga aji, a ajinta. Abin da yara ke kiranta shi ya kama, har yau bai saki ba. Sai ta miƙo mini allura.

Akwai ƙanen mijina, mai butik, wato kanti, a kasuwa, saurayi mai gemu da ɗangalallen wando. Ustaz nake ce masa don tsokana, shi kuma ya ce mini matar yaya. In yayansa ba ya gari shi ke leƙo mu, kuma ba ya zuwa hannu sake, ko biskit ne sai ya riƙo wa yarinya. Wata rana ya tarar da littafin a kan tabarma, ya buɗe, ya ɓata fuska.

“Matar yaya, hoton abu mai rai a cikin ɗaki? Ba a so.”

“Akuya ce, Ustaz. Akwai mai rai ɗaure a bayan ɗaki, ba ka ce komi ba.”

“Waccan Allah ya yi ta. Bari in gyara maki, ba sai an ƙona ba.”

Ya zaro alƙalamin bik daga aljihu, ya bi shafi-shafi yana jan layi a wuyan kowace dabba da kowane mutum, wai in an raba kai da gangar jiki hoto ya tashi daga hoto. Da zuciya ɗaya ya yi, har yana murmushi. Yarinya ta zo ta buɗe, ta ga wuyan ɗan akuya, ta sa yatsa tana gogewa. Bai gogu ba. Ta san yanka, ta ga layya. Ta jefar da littafin ta kwanta a ƙasa tana wani kuka marar sauti da ban taɓa gani ba, baki buɗe, hawaye kawai. Ustaz ya rasa inda zai sa kansa, ya aje biskit ya fita.

Na ɗauki bik ɗin da ya manta. Ban iya zane ba, amma na san yadda ake ɗaure akuya. Na ƙara wani layi a kan nasa, na murɗa su suka zama igiya, na ja ta har ƙasa na yi mata turke. Jaki na sa masa ƴar ƙararrawa. Mai ƙosai na jera mata duwatsun wuya. Mahauci kaɗai na bari da yankansa. Da yarinya ta ga igiya, ta bi ta da yatsa har turke, ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Mee.”

Na ruga da littafin gidan Madam. Ta yi ta dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce shekara da shekaru ana yanka mata dabbobi a littafi, har da wasu iyaye da ke mayar mata da shi, ba ta taɓa tunanin igiya ba. Tun daga ranar duk abin da ta zana da igiyarsa ko abin wuyansa yake fitowa. Da Ustaz ya gani ya girgiza kai ya ce Allah dai ya san niyya. Na ce to mu bar masa.

Bayan “mee” sai “ce”, wato kauce, in mun zo wurin mai amalanke. Shi ke nan. A shafin ƙarshe leɓɓanta kan motsa amma ba abin da ke fita. Ni kuwa kowace safiya da fargaba nake tashi, ina cewa ko iyakarta ke nan.

Da kaka ta yi, uwar mijina ta zo daga ƙauye ba sanarwa, da damin gero da busasshiyar kuɓewa. Inna mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma abin da ta tarar da ta ɗaga labule shi ne ni zaune a ƙasa, ɗiyar fari a cinyata, na naɗe harshe ina muryar mahauci, ina lashe baki. Ta tsaya da kaya a kai. Ta saki labulen ta koma tsakar gida.

Washegari bayan mun karya ta kira ni.

“Zan tahi da takwarata,” ta ce. “Dama tun yaye ya kamata in ɗauke ta, munka yi sakaci. Wagga ba ciwon likita ba ne, doguwa ce ta riƙe harshe. Akwai mai abu kusa da mu, ƴar bori, ta buɗe bakin waɗanda sunka hi ta. Ke kuma ki huta, ki samu ki dawo cikin hankalinki.”

Na ce, “To, Inna.” Bakina ne ya faɗa, kafin ni in sani.

Na kira maigidana a waya, yana wata kasuwa, hayaniya ta cika kunne. Ya ce abin da Inna ta ce shi ke nan, ai ɗiyarta ce. Na san yadda abin yake. Ba a kai ɗiyar fari wurin kaka a ce ga ranar dawowa. Yayanmu sai da ya yi gemu ya san ɗakin uwarmu. Kuma na san gidan Inna yanzu ba gidan da ba ne, samari sun tafi ci-rani, matan suna gona da rijiya, tsohuwa ce kaɗai za ta wuni da ita. Ɗan abin da ya fara tsirowa a bakin nan, wa zai zauna ya yi masa ban ruwa?

Na zaga gidan Madam da azahar. Na roƙe ta ta zo ta yi wa Inna magana, tsohuwa da tsohuwa.

“Ba ni zuwa,” ta ce.

“Madam!”

“In na sa baki, za a ce tsohuwar lakwal ta lalata matar mutane, kuma a tahi da ita duk da haka. Ni na iya faɗa da mai duba lakwal, na iya faɗa da mutanen Yamai. Ranar da anka zo ɗaukar nawa, tabarma na kalla. Ba ni da abin da zan koya maki a nan. Bakinki ne, ɗiyata.”

Na dawo ina jin haushinta.

Da hantsi washegari Ustaz ya kawo babur zai kai su tasha. Inna ta ɗaure kayan yarinya a ɗankwali. Yarinya ta rungume littafinta, Inna ta zare shi a hankali ta ɗora a kan turmi, ta ce takardar lakwal ba ta shiga inda za su. Ta kama hannunta. Matan gidan haya sun fito suna sallama, a gai da mutanen gida, Allah ya kiyaye hanya. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki, inda ya kamata uwar ɗan fari ta tsaya, ido a ƙasa, kamar ba abin da ya shafe ni. Ina ganin ƴan dugaduganta suna tafiya. Ba ta waiwayo ba. Me zai sa ta waiwayo? Ba a taɓa kiranta daga wannan ƙofa ba.

Sun kai bakin zaure na kira ta.

Da sunanta na kira ta, cikakke, da ƙarfi, yadda uwar akuya ke yi a shafin ƙarshe. Sunan ya fito da wani irin nauyi, don ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Wata mata da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama. Su biyu suka waiwayo, tsohuwa da yarinya.

“Ni kike kira?” in ji Inna. Muryarta ta yi sanyi ƙalau.

“A'a, Inna. Ƙaramar.”

Sai yarinya ta ce, “Na'am.”

Ba da ƙarfi ba. Kamar an taka busasshen ganye. Amma kowa ya ji.

Ustaz ya ce, “Allahu akbar,” ya kashe babur. Inna ta saki hannunta, ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

“Uwarki ba ta koya maki kunya ba?”

“Ta koya mani, Inna. Na riƙe ta tun ranar suna har yau, ba wanda ya taɓa kama ni da sakinta. Yau na sake ta. Ki yi mani duk hukuncin da kika ga dama, amma wagga ba ta tahiya.”



Ustaz ya yi gyaran murya. “Inna, ni dama ban so in ɗauki yarinya zuwa gidan bori ba. Kuma kunyar nan al'ada ce, ba...”

“Kai rufa mani baki, ustazun jiya! Da kunyar nan anka haihi ubanka.”

Ta tsuguna gaban yarinya, ta kama kafaɗunta. “Takwara. Takwarata. Sake faɗi in ji.” Yarinya ta sa yatsa a baki. Inna ta lallashe ta, ta yi mata ƴar waƙa, shiru. Ta ɗago ta dube ni, na gane. Na sake kiran sunan, a gaban mai sunan, karo na biyu.

“Na'am.”

Inna ta miƙe, ta kwance ɗankwalin kayan ta aje a kan turmi kusa da littafi. Ta hau bayan babur ita kaɗai. Ba ta yi mini sallama ba.

Abin bai tafi a banza ba. Labari ya riga Inna isa ƙauye. Uwata ta aiko a gaya mini na zubar mata da mutunci, in ta shiga gidan biki ana nuna ta. Maigidana ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin tuwona, yana saye a tasha. Har yau in na je ƙauye akwai matan da ke cewa ga wadda ta kira sunan sarakuwa, wasu a bayan ido, wasu a gabana. Ina gaishe su lafiya lau. In yau aka mai da ni bakin ƙofar nan, da ƙarfin da ya fi na ranar zan kira.

Da na gaya wa Madam, ba ta yabe ni ba. Ta ce in zaro mata zare, akwai ɗinki. Sai da muka yi nisa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Da wace murya kika kira? Yi in ji.” Na yi. Ta ce a shafin ƙarshe ita tana jan sunan da yawa, nawa ya fi, za ta gyara.

Ban ce littafi ne ya buɗe bakin ɗiyata ba, ban kuma ce shiruna ne ya rufe shi ba. Likita ma ba ta sani ba, balle ni. Maganarta ta zo a hankali, kalma yau, kalma jibi, kuma har yanzu in ta yi sauri harshenta yana sarƙewa, ni kuma gabana ya faɗi. An sa ta lakwal bana. Kowace safiya ina tsayawa a bakin hanya har ta shige, ina tunanin ko wani yaro zai kwaikwaye ta.

Idon Madam ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ba ta zane yanzu. Tana faɗi, ni ina rubutawa da hannuna mai kama da tafiyar kaza, wata ɗalibarta ta da tana yin hotuna. Har yanzu ita ke zama ƙarƙashin bedi da la'asar, amma tunda ba ta ganin ƙafafun yara, ni ke kallo, in taɓa gwiwarta in shafi ya mutu. Wani lokaci takan yi gardama ta ce yaron ne ke da ƙaiƙayi. Ita ce ta matsa mini in rubuta wannan, ta ce in na tsaya jiran in iya rubutu, gara za ta riga ni.

Inna ta dawo lokacin kakar da ta biyo baya. Ni ba ta sake mini fuska sosai ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma na fito daga wanka na tarar da ita zaune a tabarma, takwararta ta buɗe mata littafin da ya sha igiya, tana nuna mata mahauci tana cewa mugu ne. Inna tana cewa, “Ai na gan shi, idonsa ma ya nuna.”

Yanzu haka tana waje wurin ƴan gaɗa, tuwo yana hucewa. Na leƙa na kira ta, sunan ya fita har maƙwabta suka ji. Ta ce, “Ina zuwa!” Ba ta zo ba. Bari in tashi in kamo ta.